Fensirin Baba

A Sabon Tasha, bayan layin dogo,
inda injin niƙa ke tashinmu kafin zakara,
babana Didam yana da wani gwangwanin biskit
da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai.
Ba kuɗi ba ne a ciki. Mun duba.
Hotuna ne goma sha ɗaya, baƙi da fari,
na wasu gutsattsarin takardar iwa
da ba su cika tafin hannun jariri ba.

Ya ce a juji aka tono su, can ƙasar Masar,
cikin rasit na alkama da wasiƙun masu bin bashi,
ƙarƙashin yashin da bai san ruwan sama ba.
"Kin gani, Zigwai? Bishara a bola.
Wanda ya zubar bai san ajiya yake yi ba."

Bai taɓa riƙe na ainihin ba.
Suna wata ƙasar sanyi, tsakanin gilasai biyu,
an ba su lamba kamar fursunoni.
Abokin karatunsa ne ya aiko hotunan ta gidan waya,
ambulan ta yi wata huɗu a hanya.

In an ɗauke wuta sai ya kunna fitilar ƙwai,
ya gyara tabarau, ya sunkuya.
Girkanci ne, ba rata tsakanin kalma da kalma,
cunkus kamar motar Kafanchan a jajibirin Kirsimeti.
Sunan Ubangiji kuwa an taƙaice shi, haruffa biyu,
an ja layi a bisa,
kamar wanda ya kafa wa baƙo rumfa.

Akwai layin da ya cinye masa damina uku.
Wutsiyar kalma ta tsira, kanta ya tafi.
Ko "ya tashi" ne, ko "ya tsaya",
ramin ya ƙi faɗa.

Malam Sambo, maƙwabcinmu mai rubutun ajami,
ya leƙo wata yamma, ya daɗe yana kallo.
Ya ce bai san yaren ba, amma ya san hannu.
"Nan alƙalami ya bushe, ya sake tsomawa.
Nan kuma bayansa ya fara ciwo."
Suka kwashe da dariya su biyu
kamar sun tsinci ɗan garinsu a tasha.

Baba yana da doka ɗaya.
Abin da ido ya gani, da biro.
Abin da zuciya ta zata, da fensir.
Na ce, "Baba, ai ka san ayar da ka, cike mana."
Ya ce, "Sanina daban, takarda daban.
Ba a yi wa mamaci shaidar zur,
ko da ta alheri ce."

Cikin marka ya rasu.
Sai bana na iya buɗe akwatinsa na katako.
Hotunan lafiya lau, ƙarfe ya tsare su.
Littafin rubutunsa ne gara ta samu,
ta ratsa shi lungu-lungu kamar unguwarmu.
A shafin ƙarshe, da biro, hannu yana rawa:
"Zigwai, in na tafi, kada ki"
sai rami, faɗin ƙwandala,
sai can ƙasa, "domin ni."

Kada in yi kuka?
Kada in sayar da gidan? Kada in bar coci, ko karatu,
ko kada in jira ruwa ya ɗauke kafin in tafi?
Kwana tara ina ɗaga shafin a bakin taga,
hasken rana kaɗai ke fitowa ta ramin.
Yayana Bobai ya ce shi ya san nufin Baba,
maganar fili ce,
har ya miƙo mini biro.

Na gangara shagon Mama Kuyet,
na sayi fensir guda da reza,
na fiƙe shi a kan dakali,
na dawo na zauna inda yake zama.

Yau wata na biyar.
Bakinsa yana nan da tsininsa.