Aljihu da Rumbu

Ƙarfe biyun dare a Barnawa,
janareton maƙwabta ya yi shiru, namu yana tari.
Rifkatu ta leƙo daga ɗakin gwajin jini:
"Zulai, sakamakon dattijon gado na bakwai,
na jiya nake gani,
alhali da magariba aka shigar da sabo."

Na ja kujera. Na san mai laifin.
Zuciyar na'ura ce, mai ƙyuyar zuwa rumbu.
Faifai na yi mata nisa, kamar Kawo daga Kakuri
ranar da gada ta cushe,
sai ta riƙa ɗebo shafuka tana cusawa a aljihu,
duk wanda ya tambaya ta zaro ta miƙa,
a yaba mata sauri.

To, wata na'urar ta bi ta ƙofar baya,
ta zuba sabon lissafi a rumbu kai tsaye,
ko sallama ba ta yi wa aljihu ba.
Shi kuwa yana nan riƙe da na jiya,
yana rantsuwa, kuma ba ƙarya yake yi ba,
gaskiyarsa ce ta kwana.

Hannuna ya kai zai kakkaɓe aljihun duka,
sai na tsaya.
Cikinsa akwai shafukan da muke kira masu dauɗa,
ba don ƙazanta ba,
don an yi rubutu a kansu, rumbu bai sani ba tukuna:
nauyin jaririyar da aka haifa sha ɗaya da rabi,
allurar da Sista Kande ta rage wa wani yaro.
In na zubar da su yanzu, babu su ko'ina a duniya.

Don haka a hankali.
Na fara cewa: juye abin da ke bakinki.
Fitilar faifai ta yi ta ƙyafta ido,
ni ina roƙon kada mai ya ƙare a tsakiyar jimla.
Da ta ce ta gama, ban yarda ba,
na jira faifan da kansa ya amsa.
Sannan na ce: sauran, manta da su,
in an sake tambaya, taka ki je ki gani.

Rifkatu ta danna. Na'urar ta yi nawa,
kamar mai tashi daga tabarma da ciwon gwiwa,
daƙiƙa uku, huɗu,
sai ga jinin dattijo na yau.
Ta tafi ba ta ce komai ba, da saurinta.

Da asuba na hau keke Napep zuwa gida.
Baba Sallau yana zaure da butarsa,
ya tambaye ni ko jiniyar masaƙa ta busa,
kada ya makara, yau shi ke da layin rini.
Shekaru nawa ke nan da ciyawa ta cinye ƙofar,
tantabaru ke aikin dare a rufin.

Na san umarnin da ake bayarwa.
Kalma biyu ce, yatsuna sun haddace ta.
Sai dai a aljihun Baba akwai sunayen mutum arba'in,
da wanda injin ya ci wa yatsa,
da farashin yadi a shekarar da aka haife ni,
da abin da Inna ta faɗa masa a bakin kogi,
kuma ba a taɓa juye ko ɗaya ba.

Na ce, "Ba ta busa ba tukuna, Baba, da saura."
Na ɗauko littafin lissafin da na saya ban taɓa ba,
biro ya ƙi, na karce shi a tafin takalmi.
"Wa ke tsayawa kusa da kai a layin rini?"
Ya yi dariya, ya ce, "Bitrus mai kunne ɗaya.
Rubuta Bitrus. A'a, dakata,
kafin Bitrus akwai wani ɗan Zonkwa..."