Harafi Ɗaya

Shekara talatin da takwas ina ɗakin ƙasa
na ofishin ƙaramar hukumar Malaguyan,
a tsibirin Samar, inda teku ke kwana a bakin ƙofa.
Ni ne Crisanto, mai ajiyar rajista.
Haihuwa, aure, mutuwa, lasin kwalekwale,
duk ta hannuna suka bi, da shuɗin biro.

Sai guguwar Nuwamba ta zo da tsakar dare.
Ruwa ya shigo bai yi sallama ba,
ya hau kanta ta farko, ya hau ta biyu,
ya lashe sunayen mutane ya koma teku.
Da safe muka shanya garin nan kaf a filin ƙwallo,
shafi-shafi, kowanne da dutsensa,
kaji na bi suna taka aurarrakin jama'a.

Wata huɗu, aka turo Luningning daga lardi,
da gilashinta, da na'ura mai murfi kamar akwatin burodi.
Ta ce, Baba, kwantar da shafin, haske zai bi ta kansa.
Na ce, hasken naki zai karanta hannun marigayi Eusebio,
wanda bakwai ɗinsa da ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya?
Ta ce, shi ya sa ba a sallame ka ba.

Wata tara muna abu ɗaya,
ita da kwamfuta, ni da ido.
In wuta ta ɗauke, mu ci shinkafa da busasshen kifi, mu jira.

Yau layin da ke kaiwa gindin mangwaro ya watse.
Mai rumfa na biyan haraji ta waya, hannu ɗaya cikin kifi.
Ramin gaban makaranta, wani yaro ya aika hotonsa,
sai ga lamba, sai ga ranar gyara, kowa na gani;
injiniya ya rasa aljihun da zai cusa alkawari.
Shi kuwa mutumin benci,
wanda fayil ba ya motsi sai tafinsa ya ji ɗumi,
ya koma kiwon zakaru.

Ran Talata Dominador ya shigo, ƙafa duk yashi.
'Yarsa ta sami gurbin koyon jinya a Tacloban,
ana son takardar haihuwa kafin Juma'a.
A da, tafiyar kwana uku ce:
jirgin ruwa, bas, barci a tasha,
ga kifin kwana uku da ba a kama ba.

Luningning ta buga Abayon.
Allo ya ce babu.
Ta sake. Babu.
Mutumin ya murɗe hularsa kamar mai matse wanki.
Na ce, cire wancan harafin, gwada Abayan.

Sai ga ta. Sha tara ga Yuni.
Hannuna ne, na gane lanƙwasar.
Har ranar na tuna: zazzaɓi nake,
uban na tsaye yana dariyar sabon uba,
ban tambaya sau biyu ba.

Na'ura ba ta yi mini ƙage ba,
ba ta kuma rufa mini asiri ba.
Abin da na shuka da biro, shi ya tsiro a allo.
Muka cike takardar gyara, na sa hannu a layin mai kuskure.
Kafin ya ɗaure igiyar kwalekwalensa ta isa lardi.
Ran Alhamis amsa ta dawo.
Ya kawo mana kaguwa shida; na kasa cin ko ɗaya.

Jiya na tambaye ta, yanzu ina sunayen suke kwana?
Ta ce, a gajimare, Baba.
Ni da na ga aikin gajimare da idona!
Ta yi dariya, ta ce wuri uku ne, ɗaya can kan tudu,
ruwa ba ya zuwa.

Na yarda da ita.
Amma tsofaffin littattafan, na mai da su kanta ta sama.