Murhun da Ba Shi da Harshe

Eilif ne ya cire tukunyar gas,
shekara biyu kafin zuciyarsa ta tsaya.
Ya ce, "Gunvor, hancinmu ya tsufa,
in ta yi yoyo da dare, wa zai ji?"
Ya dasa baƙin gilashi a gurbin murhu,
faɗinsa bai wuce faifai biyu ba,
ya ja waya ta ƙarƙashin gado zuwa batir,
ya hau rufin motar da gwiwarsa mai ciwo
ya shimfiɗa allunan da ke shan rana.

Na zo da butar kofi ta sanholo,
gadon uwata daga tsibirin Senja,
gindinta baƙi ƙirin da hayaƙin shekara hamsin.
Na ɗora ta. Gilashi ya yi tsuwa sau uku,
ya ƙi ta ƙememe.
Eilif ya ɓanɓaro mayen ƙarfe daga jikin firiji,
ya manna mata, ya sulale ya faɗi.
"Ba ruwansa da asali," in ji shi,
"ƙarfen da ya riƙe wannan kaɗai ya sani."
Kwana biyu ban yi magana da su ba,
shi da murhun nasa.

Bana ni kaɗai na tuƙo arewa.
Mayen ƙarfen na aljihun rigar sanyina.
A shagon tsofaffin kaya a Sortland
na bi tukwane ina dangwala musu shi
kamar likita yana sauraron ƙirji,
har wata mai murfi ja ta cafke shi, ta ƙi saki.
Na biya ban nemi ragi ba.

Yau kwana huɗu ana ruwa a bakin mashigin teku.
Allunan rufi suna azumi.
Batir ya ce ashirin da uku cikin ɗari,
ni kuma na koyi girki kamar mai ƙirga canji:
dankali zai ci takwas in na yanka shi ƙanana,
kifi biyar, muddin ban ɗaga murfi ba,
ragowar na hita ne, saboda ƙafafuna.

Sai ga ƙwanƙwasa.
Wani yaro ɗan Poland, da keke da jaka,
ya jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi shuɗi.
Przemek, ya ce, yana nuna ƙirjinsa.
Ba shi da harshena, ba ni da nasa.
Na zaunar da shi a kujerar Eilif,
wadda ba a juya ta ba tun jana'iza,
na danna tara, lambar da ban taɓa dannawa ba.
Ruwa ya tafasa kafin ya kwance takalmi.
Na zuba madara, na zuba kifi da albasa,
tagogi suka yi gumi, duwatsu suka ɓace.
Ya sha kwano uku, ya suɗe cokali.
Batir ya ce shida.

Da ya tafi neman makwanci a rumfar jirgin fito,
na ɗora tafin hannu a gefen tukunya,
kan gilashin, dab da inda ake ta tafasa ɗazu.
Sanyi ƙalau.
Ashe zafin a cikin tukunyar ake haifarsa,
murhun kira kawai yake yi, ita ke amsawa.
Shekara arba'in da ɗaya na zauna da mutum
wanda bai taɓa nuna mini harshen wuta ba,
ban kuma taɓa cin abu mai sanyi a hannunsa ba.

Na kwanta da safa biyu, babu hita.
Butar uwata na kan kanta, cike da furannin bakin hanya,
na cusa tawul a gefenta kada ta yi ƙara.
Rediyo ya ce gobe da hantsi gajimare zai yage.
In ya yage, zan soya waina.