Sarautar Dare a Littafin Jelani

A saman benen su Jelani, can Runjin Sambo,
inda siminti ke aman zafin da ya sha da rana,
mu biyar muke zama bayan isha'i
da ƙwayar ludo biyu da fitilar waya.
A nan ni ba Haliru yaron baduku ba ne.
Sunana Gandau, shekarata ɗari uku a ƙasa,
ina shan jini, ina gudun hantsi.

Jelani ke riƙe da littafi.
Ya ce, haƙori ba ya saya wa kowa kujera,
majalisar matattu bashi take ƙirgawa.
Sai na koyi haƙurin gizo-gizo.
Na binne gawar da Tukur ya bari a hanya, maki uku.
Na yi shaidar zur don Lauwali, maki biyar.
Na gaida tsofaffin gidan da sunan kakanninsu
har suka fara tambaya, ina yaron nan?

Modi ke maida ni Mabera a kabu-kabunsa,
bai taɓa karɓar ko sisi ba.
Wani dare, iska na yanke masa magana,
ya waiwayo yana dariya:
nawa dodon a tsohuwar rijiya yake kwana,
bayan Ƙofar Marke, kada ka faɗa.

Ran Alhamis na faɗa.
Maki goma sha biyu.
Aka buɗe rijiyar da tsakar rana,
ƙwaya ta faɗi a kan ɗaya,
Jelani ya ja jan biro a kan sunan.
Tukur ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe.
Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba.
Modi ya shanye zoɓonsa, ya ce ai wasa ne.

Yanzu mu huɗu ne a benen.
Makina arba'in da bakwai, babu na biyuna,
kuma da ƙafa nake komawa gida,
karnukan unguwa ba su san sarki ba ne.
A shataletalen Dandima yakan wuce ni,
ya ɗaga hannu, bai rage gudu ba.

Jiya ya tsaya a rumfarmu,
takalminsa ya tsinke ta wajen yatsa.
Na ɗinke shi da zare biyu, na shafa mai,
na miƙa masa da hannu biyu.
Ya juya shi, ya duba ɗinkin,
ya ce, nawa ne?