Lissafin Dare a Lakwal

Daren Laraba ruwa ya zo da fushinsa,
Gulbi ya ƙi makwancinsa, ya biyo mu har ɗaka.
Bangon gabas ne ya fara durƙusawa,
kamar tsohon da gwiwa ta ci amanarsa,
sauran suka bi shi.
Na fito da Tabita a hannu, Iliya a baya,
zane ɗaya, takalmi wari guda.

Yau kwananmu tara a lakwal,
gida goma sha ɗaya cikin aji guda.
An tura tebura gefe, an jera tabarmi.
Kuran ya tafi tun magariba,
duk Maradi ta yi tsit,
sauro kaɗai ke da abin faɗa.

A allo akwai lissafin da malamin aji ya bari
tun kafin hutu, ba wanda ya goge.
Ɗebewa ce, layi bisa layi.
In walƙiya ta haska sai in gan shi,
sai in kama nawa.
Buhun gyaɗa uku da na ɗauko bashi, a ɗebe.
Kaskon tuyar ƙuliƙuli, a ɗebe.
Turmin da uwata ta ba ni, ya bi ruwa kamar kwalekwale.
Akuyar nan mai taurin kai, har ita nake kewa.
Hoton Filibus, abin da ya rage mini na fuskarsa,
na tono shi cikin laka, takarda fara fat.
Shi ma a ɗebe.

Ubangiji, ba zan ɓoye maka ba,
na buɗe baki in yi addu'a, ta ƙi fitowa.
Ni da ke ba da waƙa a zumuntar mata,
ana amsawa har kwanon majami'a ya ɗauka,
yau sunanka kaɗai ya saura a harshena.
Yesu.
Shi ma a hankali, kada yara su farka.

Ba ka tsai da ruwan ba.
Ba ka ce mini ga dalili ba.
Amma ka zo, ka zauna.
Na san irin wannan zama,
na mai gaisuwar makoki da ya san ciwon abin,
ya tuɓe takalmi, ya nemi bakin tabarma,
bai cika ka da magana ba,
ya dai daɗe.
Kai ma ai ka kwana inda ba naka ba
tun daren da aka haife ka.
Wa zai koya maka sanyin simintin aro?

Can tsakar dare Barira ta juyo,
ita da nata ɗakin ya faɗi kafin nawa,
ta raba mayafinta biyu, ta rufe ƙafafun Iliya,
ta koma barci, ba ta san na gani ba.
Shekaranjiya kuma Baba Barnaba ya tako daga Danja,
tiya biyu ta gero a ƙulle cikin tsumma,
ya miƙo da hannun da cuta ta cinye wa yatsu.
Na karɓa, na rasa wa zan fara gode wa.

Kukan da na riƙe kwana tara ya zo,
ba da ƙarfi ba, kamar yayyafin safe.
Ka bar ni na yi shi har ya ƙare.

In an buɗe lakwal ban san inda za mu nufa ba.
Mai gyaɗa zai zo neman kuɗinsa, ya kuwa yi gaskiya.
Gari na wayewa Tabita ta tsinci guntun alli,
ta hau benci, ta tsaya gaban lissafin,
ta ce, Inna, nawa ya saura?
Na dubi allon, na dubi gefen tabarmata.
Na ce, sauko ki wanke ido,
na yau dai akwai.