Goro a Gefen Hoto

Alhaji Isifu Bawa ya zo shagona a Asawase
ran Talata, bayan la'asar,
ya cika ƙofa da riga mai aska takwas.
Ya ce, "Zana ni yadda jikoki za su ji nauyina."

Na ciro tsohon littafin da na saya a Kejetiya,
sidi goma, bangonsa ya sha ruwa.
Fataken Italiya ne a ciki, na shekara ɗari biyar,
sun daskare cikin karan-miski,
zobe a yatsa, sarƙa a wuya,
ɗan littafin addu'a rabi a rufe
da manuniya a tsakiya,
wai ibada aka katse musu don a zana su.
Wani ya durƙusa, amma ƙasa ba ta san rigarsa ba.
Can kan tebur, kusa da ma'aunin zinariya,
ƙoƙon kan mutum yana yaƙe.

Alhaji ya tsuke baki. "Ban da wannan.
Sa mini carbi a dama,
makullan motocina uku a hagu,
hasumiyar masallacin da na gina ta leƙo ta taga.
Tabon goshin nan kuma,
ƙara masa baƙi kaɗan."

Kwana tara yana zuwa yana zama.
Na lura babban yatsansa
yadda yake jan carbi
haka yake ƙirga kuɗi,
da ɗan lasa kafin ya fara.
Na lura kuma in ladan ya ɗaga murya
kafaɗunsa kan sauka da kansu,
kamar ɗan dakon da ya sauke huhun goro
a bakin tasha, shekara arba'in da suka wuce.
Wanne zan zana?
Fenti ba ya rantsuwa.

Na ba shi riga, na ba shi makullai,
na ba hasumiya hasken hantsi.
Goshin na bar shi yadda tabarma ta bar shi.
Sai can ƙasa, inda katako zai kusan cinyewa,
na ajiye goro ɗaya, ja, an ɓare,
sankara ta yi masa hanya a ciki.

Ran ɗauka ya zo da yara biyu da direba.
Suna ta "Masha Allahu, kamar ya yi magana!"
Shi bai dubi fuskarsa ba.
Mutumin da ke gane ruɓaɓɓen goro ta cikin ganye,
idonsa can ya sauka.

Fankar sama ta juya sau nawa, ban ƙirga ba.
Na miƙa hannu ga burushi.
Ya riƙe mini wuyan hannu,
carbinsa ya taɓa fatata, da sanyi.

"Bar shi," ya ce.
"Amma kar ka sa a lissafi."