Mai Dilka ta Jekadafari

A Madani, Fallatiya suke ce min.
A Gombe kuma, 'yar Sudan.
Tsakanin sunayen nan biyu
akwai kwana goma sha tara a hanya,
mota huɗu,
da jakar da ta yage min a Anjamena.

Kakan babana ya bar Bajoga a ƙafa,
da sanda, da buta, da niyyar Hajji.
Guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu.
Ya ce bari ya noma auduga shekara guda.
Shekara gudan nan ita ta haife mu duka.

Da na je Bajoga neman tushe,
wani dattijo ya ce, "Jauro Sambo?
Ai 'yar nan, Jauro Sambo suna da yawa."
Ya ba ni ruwa, ya nuna min wata tsamiya,
ya ce wataƙila nan gidan yake.
Na tsaya gabanta
kamar mai jiran a amsa sallama.

Hausar da na zo da ita tsohuwa ce,
ta daɗe a ƙasan adaka.
Na tambayi mai tumatir zangu nawa,
ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji.
Ban yi fushi ba.
Sai da na isa gida na lura
ban ɗauko tumatir ɗin ba.

Sunana Intisar.
Goggo Dudu mai gidan haya ta gwada sau biyu,
ta ce wannan suna ya yi mata ƙashi,
ta yanke shi ya koma Inti.
Kullum da asuba ta leƙo: "A wali jam?"
Wata biyu ina murmushi kawai
kafin na san jam ake cewa, ko da ba jam ɗin.

Yanzu hannuna ya san fatar amaren garin nan.
Dilka, halawa, hayaƙin turaren wuta.
Suna kwance suna hira ta saman kaina,
sai wata ta buɗe ido ɗaya:
"Inti, in an daina harbe-harben, za ki koma gida?"
Nakan ce, juya ɗaya gefen.

Muhannad shi ne ya fi ba ni tsoro.
Shekararsa bakwai, ya daina cin kisira,
masa yake so, ta bakin Tashar Dukku, da yaji.
Shi ke gyara min magana a gaban mutane.
Ran Juma'a uwata ta bugo waya,
ta yi masa Larabci mai tsawo, muryarta na rawa,
ya ce, "Lafiya ƙalau, Hajiya,"
ya miƙo min, ya fita ƙwallo.

Da la'asar nakan soya gahawa a kasko,
in daka da citta, in ɗora tulun da ya tsira a jakar nan,
leɓensa a ɓalle.
Ran farko Goggo Dudu ta kurɓa, ta yamutsa fuska,
ta ce wannan ai maganin shawara ne.
Washegari ta zo da kofinta.

Jiya wata yarinya ta shigo babu sallama,
ta ajiye min atamfa a kan tabarma.
"Ankon bikin Hansatu ne. Dubu tara.
An ce ki biya kafin Talata."

Ba a tambaye ni ko ina so ba.
Ba a ce baƙuwa ce, a ƙyale ta ba.
An dai rubuta sunana a jerin masu bashi,
tsakanin Maman Walida da matar mai chaji.

Na zauna da atamfar a cinya har magariba.
Launinta bai min ba sam.

Da safe tela ya ja tef ɗinsa, ya ce,
"Irin naku za a yi, ko irin namu?"
Na daɗe ina kallon almakashinsa.
Na ce, auna ni tukuna.